Wane layi ya fi dacewa da rautar gida a Legas?

Baban_Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Mun tashi daga Idi-Araba mun koma Oko-Oba a Agege, kuma kuɗin data na neman fin ƙarfina. Waya huɗu ce a gidan da kwamfuta ɗaya. Maman Ilham tana sayar da atamfa da leshi ta WhatsApp, yini take tana ɗora hotuna da bidiyo, wani lokaci ma mai saye ta kira ta bidiyo don ta ga kalar zani da idonta. Ƙanina kuma yana karatu a NOUN, jami'ar karatu daga gida, komai nasa ta intanet ne. Kowa da datarsa, amma duk daga aljihuna take fita. Shi ne nake tunanin sayen rauta ɗaya, wato na'urar da ke raba intanet ta Wi-Fi, mu haɗu a kai. To wanne zan ɗauka, MTN, Airtel, Glo, ko irin su Spectranet da Smile? Kuma ina so ya zama abin da zan iya tafiya da shi Kano idan Sallah ta zo. Wanda ya sani ya taimaka, Allah ya saka da alheri.

DanZango:
Wa alaikumus salam. MTN. An gama magana.

Ummi_IdiAraba:
Ba a gama ba Malam. Yaya, ai ka san gidanmu, rautar Airtel muke amfani da ita, mu shida a kai har da yara masu kallon katun, kuma lafiya lau take yi mana.

Mai_Zaure:
Kafin abin ya yi nisa, ina tuna mana ƙa'ida. Wanda zai yabi kamfani ya kira suna, ba laifi. Wanda zai kawo ƙorafin abin da aka yi masa, ya faɗi abin da ya faru ba tare da suna ba. Akwai 'yan'uwanmu a nan da suke cin abinci a kamfanonin nan, kuma kun tuna yadda aka kwashe wancan karon har mutane suka fita.

DanZango:
Ranka ya daɗe, ko launi ma kada mu faɗa?

Mai_Zaure:
Har launi.

Injiniya_Ikeja:
Baban Ilham, kada ka ciro ko kwabo tukuna. Ummi ta faɗi gaskiyar Idi-Araba, DanZango ya faɗi gaskiyar Zango, amma cikinsu babu wanda ya taɓa kwana a ɗakinka na Oko-Oba. Abin da zai yanke maka hukunci shi ne ƙarfen sabis ɗin da ke kusa da gidanka da yawan mutanen da kuke rabawa. Ƙarfen nan tamkar famfon unguwa ne: da hantsi mutum biyu ne a kai, ruwa na zuwa da ƙarfi, bayan isha'i kowa ya fito da bokitinsa sai ya koma ɗiga. Shi ya sa za ka ga sandunan sabis sun cika a wayarka amma hoto ya ƙi buɗewa. Sandunan ƙarfin siginar da ke iso ka kawai suke nunawa, ba ruwansu da cunkoso.

Ga abin da za ka yi. Ka ari wayoyin maƙwabta masu layuka daban-daban, ko ka sa 'yar data kaɗan a kowane layi. Ka shiga fast.com ko manhajar Speedtest, ka gwada a daidai wurin da za ka ajiye rautar. Ka gwada da safe, ka gwada da la'asar, sannan tsakanin ƙarfe 8 zuwa 11 na dare. Na daren nan shi ne mai muhimmanci. Kuma tunda sana'ar Maman Ilham ɗora bidiyo ce, kada ka tsaya kan lambar saukewa kaɗai, ka duba lambar ɗorawa. Akwai layin da zai sauke maka fim cikin minti kaɗan amma ka tura bidiyon minti ɗaya ya yi ta juyawa.

Hajiya_Mile12:
Injiniya Allah ya yi maka albarka, ka faɗi abin da ke raina. Mu a kasuwa da asuba lokacin da ake sauke tumatir da tattasai komai na tafiya. Rana na ɗagawa, kasuwa ta cika, sai ka ga mai saye ya tura kuɗi yana nuna maka a wayarsa, kai kuma shiru. Ga kwando ya riga ya ɗora wa ɗan dako. Layin da nake fama da shi a rumfa, shi ɗin ne dai idan na koma gida Ketu yake gudu ba tangarɗa. Layi ɗaya, waya ɗaya.

MaiPOS_Obalende:
Hajiya wannan shi ya sa duk mai POS da ya san abin da yake yi layi biyu yake riƙewa, na kamfani daban-daban. Kuma a yi adalci, ba kullum laifin sabis ba ne, wani lokaci bankin ne ya tsaya. Idan WhatsApp na tafiya amma kuɗi bai shigo ba, to ba layi ba ne.

Kawu_Apapa:
Yaran yanzu kun samu duniya. Ni ina Ikko aka kawo wayar salula a 2001, Econet da MTN. Layi kaɗai sai mai hali, dubban nairori masu yawa, kuma kira naira 50 minti ɗaya. Ko gaisuwa ka yi ka kashe, an cire maka kuɗin minti cikakke. Har cewa aka yi lissafi da daƙiƙa ba zai yiwu ba a lokacin. Da Mike Adenuga ya zo da Glo a 2003 ya fara cajin daƙiƙa, ba a jima ba sauran suka bi. Saboda haka ni ina ganin girman Glo har gobe. Layina na farko kuwa na Econet ne, ya koma Vmobile, ya koma Zain, ya koma Celtel, yanzu Airtel, ni dai ina riƙe da abina.

Sadiq_Unilag:
Kawu, a gafarce ni, Celtel ce ta riga Zain. Celtel 2006, Zain 2008, Airtel kuma 2010.

Kawu_Apapa:
Ko ma wace ce ta riga, ɗana, 0802 ɗina bai canza ba. Lokacin kana ina?

Sadiq_Unilag:
Ina goye, Kawu. Amma tunda an zo maganar lamba, yanzu farkon lamba ba ya nuna layin mutum. Tun 2013 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta ba da damar ka ɗauki lambarka ka koma wani kamfani da ita. Za ka ga 0803 amma mutumin yana kan Airtel, ko 0805 yana kan MTN. Ofishin kamfanin da kake son komawa za ka je da shaidarka, ba a biyan kuɗin sauyin. Sai dai ka cinye katinka da datarka kafin ka tafi, ba sa bin ka.

DanZango:
Duk wannan tarihi ne. Baban Ilham rauta ya tambaya. Ku duba alƙaluman NCC, MTN ke da kusan rabin masu layi a ƙasar nan ko ma fiye, Airtel na biye. Mutane ba wawaye ba ne da za su taru a wuri ɗaya haka kawai.

Ummi_IdiAraba:
To ai taruwar ce Injiniya yake cewa ita ke kawo cunkoso. Ka karanta abin da ya rubuta kuwa?

Injiniya_Ikeja:
Ku biyun kowa na da rabin gaskiya. Mai mutane da yawa yakan fi yawan ƙarafa da faɗin zangon da zai ɗauke su, wato mitar da sigina ke bi a iska, to ba dole ba ne ya fi cunkoso. Unguwa-unguwa abin yake. Ma yawancin ƙarafan da kuke gani ba na kamfanonin layin ba ne, na irin su IHS ne, haya ake yi, har ka tarar da kamfani biyu ko uku sun rataya eriyarsu a ƙarfe ɗaya.

Abu_Alabarago:
Ni matsalata ba gudu ba ce. Shan data. Wallahi tun da aka ƙara kuɗi sai na ga kamar an rage mudun ma. Da nakan sa data ta kai ni ƙarshen wata, yanzu ko tsakiya ba ta kaiwa, kuma ban canza komai ba. Ba zan kira suna ba tunda Mai Zaure ya hana, amma Allah na gani.

DanCanji_Allen:
Ƙarin kuɗin gaskiya ne, a watan Janairun 2025 NCC ta amince a ƙara har kashi 50 cikin ɗari. Kamfanonin sun ce dizal da faɗuwar naira sun cinye su, kuma mu da muke harkar canji mun san inda dala ta kai, kayan aikinsu duk da dala ake shigo da su. Amma batun rage mudu, Malam Abu, sai an kawo hujja.

Maman_Hanan:
Malam Abu, bari in ba ka labarin abin da na gani a gidana, wataƙila ya amfani Baban Ilham ma. Na sayi MiFi, 'yar ƙaramar rauta mai batir, don yara su daina damuna. Datar wata na saka, kafin a je ko'ina ta ƙare. Na kira 300 na yi ta faɗa, yarinyar da ta ɗauka ta ce in duba wayoyin gidan. Na kashe ina huci. Da ƙanin maigidan ya zo ya karɓi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ga abin da ya tarar. Ita waya idan tana kan datar layinta takan yi tsimi, ba ta sabunta manhajoji sai ta samu Wi-Fi. To ranar da ka haɗa ta da MiFi ko rauta, a wurinta ta samu na banza. Wayar Hanan ta sabunta duk manhajojin da ke cikinta a dare ɗaya. Tawa kuma ta kwashe bidiyon bikin ƙanwata kaf ta tura Google Photos, har da wanda aka ɗauki ƙafafun mutane bisa kuskure. Kwamfutar maigidan ita ma ta sauke nata sabuntawar. Kowa yana barci, fitilar MiFi tana ta ƙiftawa a kan firji.

Ya shiga saitin Wi-Fi na kowace waya ya nuna mata cewa wannan layin na awo ne, a kwamfutar ma haka, ya kashe bidiyon Facebook da ke tashi da kansa, ya hana WhatsApp sauke duk abin da aka turo a zaurukan dangi. Tun daga nan data take kai mu.

Abu_Alabarago:
Hajiya na ji, amma ni ba ni da MiFi. Waya ɗaya ce tal.

Sadiq_Unilag:
Malam Abu ka canza waya kwanan nan? Ko unguwarku ta samu 4G mai ƙarfi ko 5G? Domin YouTube da TikTok idan suka ga layi na gudu, da kansu suke ɗaga kyan hoton. Kai fim ɗaya ka kalla kamar jiya, amma datar da ya ci ta ninka. Netflix da kansu sun rubuta cewa awa ɗaya a hoto na talaka kan ci har 1GB, mai kyau har 3GB, na 4K har 7GB. Ka shiga saitin waya wajen amfani da data, za ta jera maka wace manhaja ta ci nawa. Ka kwatanta da abin da *323#, lambar duba ragowar data, ya nuna maka. Idan lissafi bai haɗu ba ka kai ƙara wurin kamfanin, su ba ka lambar ƙorafi, in ba su warware ba ka kira NCC a 622, kyauta ne.

Abu_Alabarago:
Zan duba. Amma zuciyata ba ta yarda da su ba.

Hajiya_Mile12:
Maman Hanan kin manta ɗaya: maƙwabta. Baban Ilham idan gidan haya ne mai ɗakuna suna kallon juna, ka shirya. Ka ba yaro ɗaya lambar sirri, kafin magariba duk gidan sun hau.

Maman_Hanan:
Ai Hajiya ko ba ka faɗa masa ba. Ka karɓi wayarsa ka saka da hannunka, wayoyin yanzu suna fito da wani hoto mai ɗigo-ɗigo, ɗan'uwansa ya haska da kyamara shi ke nan ya shiga. Maganinsa a ƙasan rautar akwai adireshi a rubuce, ka buɗe shi a waya za ka ga duk wanda ke kai, ka toshe wanda ba ka sani ba.

Baban_Ilham:
Ikon Allah. Ina biye da ku, ina rubutawa. Gidan namu mu uku ne masu haya, kowa da ƙofarsa. To batun wanda suke cewa marar iyaka fa? Wani yaro a bakin titi ya tare ni da takarda yana cewa in na saya sai dai in gaji.

MaiPOS_Obalende:
Yallaɓai ka karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan takardar. Yawancinsu akwai adadin da idan ka kai, ba za su yanke ka ba, amma za su rage maka gudu sosai har wata ya ƙare. Wasu kuma tun farko an ƙayyade gudun, iya kuɗinka iya shagalinka. Na taɓa ɗaukar irinsa a shago, farkon wata kamar me, da na haye adadin sai saƙon rubutu kaɗai ke wucewa da daɗi. Ba ƙarya suka yi ba, ni dai aka ce mini marar iyaka na ɗauka haka. Tambaya biyu za ka yi wa yaron: bayan giga nawa ake rage gudu, kuma zuwa nawa ake rage shi? In ya fara kame-kame ka wuce.

Sadiq_Unilag:
Ƙari a kan wannan, Mbps, ma'aunin gudun da suke rubutawa, ba shi ne MB da kake gani a jikin fayil ba. Sai ka raba da 8. Layin 8Mbps, MB ɗaya yake saukewa a daƙiƙa.

Direban_Tirela:
Salamu alaikum, yanzu na samu tsayawa. Ni zan yi magana kan tafiya Kano da ya ambata, tunda hanyar ce gidana. Daga Apapa in ka bi Ibadan, Ilorin, Jebba, Mokwa, akwai dazukan da babu layin da ke kamawa, kowa haƙuri yake. Amma a abin da na gani MTN ya fi daɗewa tare da ni a hanya, Airtel na biye da shi. A ƙauyenmu kuma can Jigawa Airtel ne sarki. Spectranet dai manta da ita idan tafiya ce, iyakarta Legas, Abuja, Ibadan da Fatakwal.

Basakkwace_Ijora:
Ni dai layin da ka kamawa ƙauyenmu shi nika riƙewa. In tsohuwa ba ta jin muryata, mi za ni yi da gudunai?

Ummi_IdiAraba:
Gaskiya ne Baba, amma ai kira daban, rautar gida daban. Yaya zai iya barin layin kiransa yadda yake.

Zainab_Surulere:
Kada a yi wa Spectranet rashin adalci don ba ta zuwa Kano. Sallah sau biyu ce a shekara, sauran watannin a Legas yake. A ofishinmu ita muke amfani da ita kuma tana yi. Irin waɗannan kamfanonin data ce sana'arsu, ba su da tarin masu waya a kansu. Sharaɗin kawai ya tabbatar sun kai Oko-Oba, su zo su gwada a ɗakin kafin ya biya. Idan ya tashi tafiya ya sa data a wayarsa ta sati biyu, shi ke nan.

DanZango:
Sai ya biya kuɗi biyu kenan.

Zainab_Surulere:
Ƙanin nasa da ke karatu zai bi shi Kano ne dole? In wani ya rage a gida ai rautar ta zauna.

DanCanji_Allen:
Ni abin da ya koya mini riƙe layi biyu shi ne azumin 2024. Ranar 14 ga Maris wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke ta wajen gaɓar Kwaddebuwa, guda huɗu: WACS, MainOne, SAT-3 da ACE. Manhajojin bankuna da yawa suka tsaya. Mu da aikinmu tura kuɗi ne, mutum na tsaye da dala a hannu, kai kana ta danna waya. Glo suna da tasu wayar, Glo-1, da ta taso daga Ingila zuwa Legas, kuma ba ta cikin waɗanda suka yanke. Yaron shagona da muke yi wa dariya saboda layinsa, ranar a wayarsa muka jingina.

Kawu_Apapa:
Kun ji ko. Da tsohuwar zuma ake magani.

DanZango:
Kawu rana ɗaya ce fa. Ba a sayen rauta saboda abin da ya faru rana ɗaya.

DanCanji_Allen:
Gyaran ya ɗauki makonni, ba rana ɗaya ba, duk da an karkatar da layuka ta wasu hanyoyin kafin nan. Ban ce ya sayi Glo ba. Cewa na yi kada gida ya dogara da kamfani guda.

Nura_Lekki:
Ku duka kuna ta wahala. Starlink kawai. Tun Janairun 2023 ta shigo, Najeriya ce ƙasar farko a Afirka. Babu ruwanka da ƙarfen unguwa, daga sama take ɗaukowa, ta tauraron ɗan'adam.

Hajiya_Mile12:
Ɗan Lekki, mutum ya ce kuɗin data ya fi ƙarfinsa kai kuma ka kawo masa Starlink?

Injiniya_Ikeja:
Tana da kyau, amma ba maganin Baban Ilham ba ce. Kuɗin kayan da na wata-wata sun yi nisa da abin da yake magana. Sannan farantin sai ya kalli sarari ba abin da ya tare shi, wato sai mai gida ya yarda ka hau rufi, kuma tana son wuta ba yankewa. Ita ma tana cika, akwai lokacin da suka dakatar da karɓar sababbin masu rajista a Legas saboda mutane sun yi yawa. Wanda ya fi ta dacewa da gida idan an samu shi ne waya ta ƙasa, irin ta ipNX, FiberOne ko FibreX na MTN, amma sai in sun ja ta zuwa unguwarku. Ka tambayi maƙwabta.

Sadiq_Unilag:
Babu wanda ya ambaci 9mobile. Etisalat ce ta koma 9mobile a 2017, a 2025 kuma suka koma T2, har sun yi yarjejeniya masu layinsu su riƙa hawa ƙarafan MTN.

Abu_Alabarago:
Nawa na 0809 yana cikin durowa.

MaiPOS_Obalende:
Malam Abu ka ciro shi ka duba. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi, kamfani na da damar karɓewa ya sayar wa wani. Idan da shi ka buɗe asusun banki, saƙon kuɗinka wani zai riƙa gani. Wannan ya shafi duk wanda zai sayi layuka don gwaji ya watsar. Kuma ko na gwajin ne sai da NIN za a yi maka rajista, kada ka sayi wanda aka riga aka yi wa rajista a bakin titi.

Baban_Ilham:
Injiniya, batun 5G fa? Na ga suna tallar rautarsa. In sayi ita gaba ɗaya in huta?

Injiniya_Ikeja:
Sai in ya iso ɗakinka. An yi gwanjon lasisin a Disambar 2021, MTN da Mafab suka ci, MTN ta fara a 2022, Airtel ta biyo a 2023. Amma a zangon 3.5GHz yake, kuma ƙa'idar ita ce duk lokacin da lambar zango ta yi sama, gudu na ƙaruwa amma nisa da ratsa bango na raguwa. Za ka iya samun 5G a bakin titi ka shiga ɗaki ya koma 4G. Ƙananan zanguna irin 700 da 800 su ne masu shiga lungu. Kamfanonin na da taswira a shafukansu, ka duba, amma kada ka yarda da ita sai ka ga wayar wani ta nuna 5G a cikin gidan.

Wani abu kuma, rautar da ka saya wurin kamfani yawanci a kulle take, layinsu kawai take ɗauka, shi ya sa take da sauƙin kuɗi har da kyautar data. Buɗaɗɗiya ta fi tsada amma kowane layi ka saka za ta yi. Idan ita za ka saya ka duba jikin kwalin ka ga lambobin zanguna B3, B7, B20 da B28. B28 ɗin nan shi ne 700 da Glo ke amfani da shi, kuma ba kowace na'ura ke da shi ba. Mutane da yawa da ke cewa ba sa ganin 4G, wayarsu ce ba ta da zangon. Sannan ka tambaya tukuna, domin wasu tsare-tsaren data masu araha na rauta sai a layin da ya zo da rautar kamfanin suke shiga.

Ummi_IdiAraba:
Kuma Yaya ka tuna da NEPA. MiFi na da batir, rauta babba ba ta da shi sai ƙalilan. An ɗauke wuta, karatun ƙaninka ya tsaya.

Direban_Tirela:
Akwai 'yar wayar da ake haɗa rauta da fawa banki, tana ɗaga wutar zuwa 12V. Da ita nake amfani a mota. Ka dai duba abin da aka rubuta a jikin cajar rautar kafin ka saya, kada ka ƙona ta.

Baban_Ilham:
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na bi shawarar Injiniya, na ari wayoyin maƙwabta mun gwada. Abin mamaki, a falo da dare Airtel ya fi saukewa. A ɗakin ciki kusa da taga kuma, inda Maman Ilham take shimfiɗa atamfofi tana ɗauka saboda haske, MTN ya fi ɗorawa nesa ba kusa ba. Tsakanin wuraren biyu taku kaɗan ne. 5G ban gan shi a cikin gida ba, sai da na fita wajen masallaci. Yanzu ina tunanin buɗaɗɗiyar rauta, amma Maman Ilham ta ce kuɗin ya yi yawa, a ɗauki ta kamfani mai kyautar data.

DanZango:
Na faɗa tun farko.

Ummi_IdiAraba:
Me ka faɗa? Ya ce Airtel ya fi a falo.

Zainab_Surulere:
Kuma bai gwada Spectranet da Smile ba, saboda haka gwajin bai cika ba.

Maman_Hanan:
Ni ina bayan Maman Ilham. Sana'arta ce ke kawo kuɗi a kan intanet ɗin, a ɗauki wanda ya fi a tagarta. Ƙanin ya ɗauko kwamfutarsa ya matso.

Injiniya_Ikeja:
Kada a yi sauri. Da waya ya gwada, eriyar rauta ta fi ta waya ƙarfi, kuma idan aka ɗora ta sama kusa da taga sakamakon zai iya juyawa. Ka sake gwadawa ranar Asabar da dare lokacin da kowa ke gida. Ni dai da ni ne buɗaɗɗiya zan saya, domin ƙarfen da ya yi maka kyau bana, baɗi a gina bene a tsakaninku ko unguwa ta ƙara cika.

DanCanji_Allen:
Ka lissafa na shekara, ba na ranar saye ba. Kyautar data wata ɗaya ce ko biyu, sauran watannin kai za ka biya.

MaiPOS_Obalende:
In dai Computer Village, kasuwar wayoyi ta Ikeja, za ka, ka tafi da layukan biyu a aljihu, a saka kowanne a gabanka ka ga ya kama 4G kafin ka miƙa kuɗi, kuma ka karɓi rasit mai sunan shago. Ka shiga cikin shago, kada ka biye wa yaran da ke tare mutane a ƙarƙashin gada. Ranar Lahadi kuma yawancinsu ba sa buɗewa.